Na Dama Shi Ke Fara Jifa

Gubuchi,
ta hanyar Makarfi.

Zuwa ga ɗana Magaji,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kana zaune daram a cikin mota, ba a saman kaya ba. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya kiyaye ku daga sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka, amin. Labarin gida ba ni da wanda zan ba ka, da safen nan ka baro shi.

Na san za ka yi mamaki, gida ɗaya muke kwana, me ya kawo takarda? To, kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina aka sa maka. Tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na dube ka ido da ido na yi maka doguwar magana ba, kuma ba yanzu da furfura zan koya ba. Bokon da aka ɗura mana a soja, yau ga ranarsa. Na ce da innarka ta gaya maka kada ka buɗe sai mota ta bar Makarfi, kuma kada ka taka ƙofar gidan Baba Haruna a Kaduna sai ka karanta ta har ƙarshe. Ina fata ka ji maganarta, don na san halinka da ɗoki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, shekaranjiya ina bayan danga ina sa wa fartanya ƙota, na jiyo ka kana cika wa abokanka baki. Ka ce kulob ɗin ma'aikatan masaƙar da za ka kama aiki yana da ɗakin gara ƙwallo, Baba Haruna ne ke riƙe da makullinsa, kuma da ka isa za ka sa a rubuta sunanka a ƙungiya, ka nuna wa mutanen Kaduna ɗan wane ne kai. Ka ce ubanka ne ya ci cokalin azurfa a bariki, a hannun Baba Harunan ma ya ci shi, za ka tuna masa ku yi dariya. Wallahi sai da na ajiye fartanyar. Ban hana ka wasa ba, wasa ne mai kyau, ya fi zaman banza a bakin titi. Amma akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka buɗe baki a gidan mutumin nan.

Kai ba ka taɓa ganin wasan ba sai a bakina, to bari in shimfiɗa maka shi. A mes ɗin saje-saje, wato wurin hutawarmu a bariki, akwai wani dogon zaure da Turawa suka gina wa kansu. Da suka fara tattara nasu ya nasu suna komawa gida, sai muka gaje shi. Cikinsa hanyoyi biyu ne na katako, sumul, kafaɗa da kafaɗa, abin da ya raba su bai wuce taku ɗaya ba. A ƙarshen kowace hanya ana jera kwalabe tara na itace. Kai kuma kana wannan bakin, a wurin da muke kira matsaya, riƙe da ƙwallon katako mai nauyi kamar ƙaramar kabewa. Taku uku za ka yi, ka sunkuya, ka gara shi kafin ka taka farin layi. Jifa uku ne kowane zagaye, kwalba nawa ka kayar, ci nawa ke gare ka. Muna da ƙungiyoyi, mu direbobi, da 'yan sigina masu aika saƙo ta waya, da 'yan sito, da 'yan badujala, kowace Asabar bayan la'asar ana karawa. Ƙarshen shekara kuma a yi babbar gasa, mutum da mutum, wanda aka kayar ya koma benci, wanda ya rage shi ke ɗaukar cokali.

Dokokin da aka rubuta aka manna a bango ba su wuce biyar ba, kafin shayinka ya huce ka haddace su. Waɗanda ba a rubuta ba su suka fi yawa, su kuma suka fi wuya, kuma duk a hannun Haruna na koye su.

Kai ka san shi da Baba Haruna mai kawo maka alewa da salla, ba ka san wane ne shi a wurina ba. Mutumin Paki ne. Mota ɗaya ta kwashe mu zuwa Zariya ran da aka ɗauke mu soja, da aska ɗaya aka yi mana ƙwal-kwabo. Shi aka tura sigina, ni aka tura tuƙi. Bahago ne, ba shi da yawan magana, in yana dariya kafaɗarsa kaɗai ke motsi. Shekara goma sha biyar ƙwarya ɗaya muke ci. Lokacin da aka haife ka ina can kan hanya da ayarin motoci, shi ya nemi izini ya zo Gubuchi ya tsaya a kan sunanka, shi ya riƙe ragon aka yanka. Ya riga ni samun igiya uku ta saje, saboda haka ya riga ni shiga mes, kuma shi ya fara kai ni zauren nan.

Ranar farko abin kunya biyu na yi kafin in gara ƙwallo ko ɗaya. An yi ruwa, na taho daga garejin motoci da ƙaton takalmina na soja, duk laka, na hau matsaya ina taƙama kamar na zo fareti. Wanda ya biyo bayana wani dattijon saje ne mai busa a badujala. Ya ɗauko takunsa, na ukun ya sauka kan danshin da na bari, sai ga shi ƙasa warwas, ƙwallo gabas shi yamma. Ni kuwa, Allah na tuba, dariya ce ta fara kuɓuce mini. Haruna ya miƙe. Ya fita ya dawo da tsumma ya miƙo mini, na durƙusa gaban kowa, da igiyata uku sabuwa fil, na goge katakon nan tas. Dattijon mako biyu yana ɗingishi. Don haka ka nemi takalmin kambas da ba ya taka ko'ina sai ɗakin wasa, ka riƙa duba tafinsa kafin ka hau. Abin da ka zubar ba kai zai kayar ba, na bayanka zai kayar. Shayi, ruwa, ɓawon gyaɗa, tukar rake, duk su tsaya bayan benci.

Na biyun, da na gama goge-goge na miƙa hannu kan kantar da ake jera ƙwallaye na ɗauki wanda ya fi sheƙi. Ashe na wani ne, da kansa ya sa aka sassaƙa masa daidai tafin hannunsa, kullum yana shafa masa mai. Mutumin ya tsaya yana kallona, ni ina kallonsa, ban san laifina ba. Haruna ya matso ya raɗa mini cewa ko a gayya ne na ga fartanyar maƙwabcina ta fi kaifi, sai in ɗauka ba sallama? Ka tambaya tukuna. In an ce maka a'a kada ka ɓata rai, ba rowa ba ce, akwai na haya a kanta, ka ɗauki ɗaya ka saba da shi.

Yanzu ga babbar, ka buɗe kunne. Na ce maka hanyoyin manne suke da juna. Mutum in ya hau matsaya ya ɗaga ƙwallo zuwa ƙirjinsa, idonsa na kan kwalabe, amma wutsiyar idonsa tana ganin duk abin da ya motsa a gefe. Ko ƙuda ya gifta sai hannunsa ya sani. Saboda haka mutum biyu ba sa jifa lokaci ɗaya. Wanda ya riga hawa shi ke da wuri, kai ka tsaya ƙasa, bayan matsaya, har ƙwallo ya bar hannunsa. In kuwa kun iso tare, na dama shi ke fara jifa. Yana tsaye ba ka ɗaukar ƙwallo daga kanta, ba ka gyaran murya, ba ka kiran wani, ba ka gifta masa. An ce mini na masaƙarku hanyoyi huɗu ne, to in aka sa ka a tsakiya, hagu da dama duka za ka duba. Ranar farko ka tambayi yadda al'adarsu take, don kowane zaure da ɗan bambancinsa, musamman ranar babbar gasa da ake tsananta abin.

Za ka ji samari a can suna cewa yanzu ƙasa ta dawo hannunmu, wannan duk iyayin Turawa ne, a bar shi ya bi masu shi. Ni ma haka na ce da farko. Na ce wa Haruna mu da muka saba da ƙarar bindiga, tsayuwar wani kusa da mu ce za ta firgita mu? Sai ya ce in hau in jefa. Na hau, na daidaita, ina taku na biyu sai kawai ya ɗaga hannu ya sosa ƙeya. Ƙwallona ya bi kwatar da ke gefen hanya, ko kwalba ɗaya bai shafa ba. Kafaɗar Haruna ta yi ta motsi. Da ya gama dariyarsa ya ce ba Bature ya kawo wannan ba, a rijiyar Paki ma ba ka zura guganka na wani yana tasowa, in ba haka ba igiya ta harɗe kowa ya rasa ruwa.

Daga nan ya yi mini wani gargaɗi da ya shafe shi shi kaɗai. Tunda bahago ne, in yana hanyar dama ni ina ta hagu, hannunsa na jifa da nawa a tsakiya suke haɗuwa, saura kaɗan su gogi juna. Ya ce duk ran da na gan shi a damata, in ƙara ja da baya taku ɗaya fiye da yadda zan ja wa kowa, don motsi ta wannan gefen ya fi komai ɓata masa jifa. Da bakinsa ya gaya mini inda rauninsa yake. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da na koya kuma sai na wuce gona da iri, ka san ubanka. Na zama sarkin bismilla. In hau, in ga wani ya taso, in sauka in ce bismilla, shi ma ya ce a'a Saje, bismilla, mu tsaya muna yi wa juna kamar surukai a bakin akushi. Wata Asabar saboda ni aka kira magariba ba a gama zagaye na ƙarshe ba, aka tashi babu wanda ya ci, 'yan ƙungiyata suka yi kwana uku suna amsa gaisuwata ciki-ciki. Ladabin da zai tsayar da mutum goma sha biyu suna jiranka ya zama wani abu daban. In naka ne, ka hau ka jefa. In an yi maka alama da kai an ce wuce, ka wuce, godiyar ta jira sai kun sauka. Layinka ya zo ya same ka a shirye, ba a bayan zaure kana taɗi ana aikawa a kira ka ba. In kuma ka san wata Asabar ba za ka sami zuwa ba, ka gaya wa shugaban ƙungiyarku tun Alhamis ya nemi wani.

Sai murna. Ranar da na fara kayar da tara duka da jifa ɗaya, na kurma ihu na daka tsalle, ban dire ko'ina ba sai a matsayar maƙwabcina, shi kuwa ya riga ya ɗauko taku. Allah Ya kiyaye bai sakar mini ƙwallo a ƙafa ba. Ka yi murnarka, ba a hana ba, amma ka sauko da ita benci cikin 'yan ƙungiyarka, kuma ka duba gefe tukuna. Haka in ka ɓata jifa, kada ka tsaya a bakin layi ka riƙe ƙugu kana hararar kwalabe, ba za su faɗi don jin kunyarka ba. Sauka ka ba mutane wuri. Kada kuma ka koya wa wanda bai ce ka koya masa ba. Na taɓa gaya wa wani ɗan sito yadda zai riƙa karkata wuyan hannu, ana tsakiyar gasa, ya gwada, hannunsa ya rikice har aka tashi, ya tafi yana cewa da gangan na yi. In aikin jera kwalabe ya zagayo kanka, don mu karɓa-karɓa muke yi, ka jera wa abokin karawarka daidai yadda kake so a jera maka. In an tashi, kun ci ko an cinye ku, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ba su hannu.

Duk waɗannan kurakuran rashin sani ne, an yi dariya an wuce. Wanda zan gaya maka yanzu da sanina na yi shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekarar da za a sallami Haruna daga soja, ana saura kaɗan a sauke tutar Turawa, ni da shi muka rage a babbar gasa. Sau uku yana kaiwa wasan ƙarshe a shekarun baya, sau uku cokali yana kuɓuce masa. Kowa a bariki ya san wannan ce damarsa ta ƙarshe, har 'yan ƙungiyata ma rabinsu shi suke so ya ci. Ni kuwa ban taɓa kaiwa nan ba, kaina ya kumbura, ina son cokalin nan kamar in mutu. Aka yi ƙuri'a, ya sami hanyar dama, ni ta hagu.

Muka yi ta tafiya, ya wuce ni in kamo shi, in wuce shi ya kamo ni, har zagaye na ƙarshe. Kowa ya yi jifa biyu, saura ɗai-ɗai. Ina gabansa da biyu. A hanyarsa kwalabe uku ne a tsaye, sun taru gefe guda, irin waɗanda bahago ke sharewa ido rufe. A tawa kuwa guda ɗaya ce tal a can lungu, irin wadda tun da na fara wasa ban cika samu ba. In ya kwashe ukun nan ya wuce ni, ni kuma sai na sami 'yar lungun kafin ma mu yi kunnen doki.

Shi ne a dama, kuma ya riga ni hawa. Ta ko'ina ka duba wurin nasa ne. Zauren ya yi tsit. Ya ɗaga ƙwallo zuwa ƙirji. Ni ina ƙasa inda ya kamata in tsaya, da nawa ƙwallon a hannu. Magaji, ina ganinsa sarai kamar yadda nake ganin takardar nan. Ya yi taku na farko. Yana ɗaga ƙafa zai yi na biyu sai na hau matsayata, ta gefen da ke kusa da shi, na kaɗa hannuna baya kamar mai shirin jifa. Ban taɓa shi ba, ban ce komai ba. Hannunsa ya ɗan karkace, ƙwallo ya tafi ya shafi kwalba ɗaya, biyu suka tsaya. Na jefa nawa ya bi kwata, amma na riga na ci da ɗaya.

Da farko ba wanda ya tafa. Alƙalin wasa ya dubi takardar da ke bango, babu inda aka rubuta laifin abin da na yi. Ya tambayi Haruna ko yana so a ba shi ya sake, Haruna ya girgiza kai. Ni kuwa na shiga bayani ba wanda ya tambaye ni, na ce hankalina na kan kwalbata, na ɗauka ya riga ya saki. Wasu suka yarda, wasu suka yi kamar sun yarda. Haruna ya tako ya ba ni hannu gaban kowa, ya yi mini barka, sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Isa, ba ka gan ni ba?"

Na ce, "Wallahi ban gan ka ba."

Ya dube ni, ya ce to, Allah Ya sa albarka. Ya ɗauki kambas ɗinsa ya fita.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata ba, bai gaya wa kowa komai ba. Washegari ya gaishe ni, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya Magaji, bai rage ko ɗaya ba. Amma da aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Kwana na gaba ma ya ƙoshi. Wata biyun da suka rage masa a bariki bai ƙara sa hannu a ƙwarya ɗaya da ni ba, kuma ranar da ya tafi ina gareji, ban sani ba sai da mota ta tashi. Ka sha tambayar innarka me ya sa Baba Haruna ya daina zuwa mana da salla, tana ce maka aiki ne ya yi masa yawa. Ba ƙarya ta yi maka ba, abin da na gaya mata ke nan.

Na ci gaba da wasa shekara guda. Sai na lura in na hau hanyar hagu, duk wanda ke damata sai ya waiwayo ya dube ni tukuna kafin ya ɗaga ƙwallo. Wannan waiwayen ya fi mari ciwo, kuma shi ya raba ni da zauren, ba ciwon baya ba kamar yadda na gaya muku.

Na zo da cokali gida, kuka yi ta murna. Kai ke goge shi da toka duk Juma'a, kana nuna wa baƙi. Duk ran da na gan shi yana sheƙi a hannunka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sha cewa zan hau mota in je in same shi. Da damina in ce sai an yi girbi, da kaka in ce sai an gama yankan rake, haka shekara shida ta wuce. Maganar rantsuwar da na yi na kai wa limaminmu, ban ambaci sunan kowa ba, ya gaya mini abin da zan yi tsakanina da Allah, na yi. Amma ya ce abin da ke tsakaninka da mutum sai mutumin ya yafe.

Sai ga maganar aikinka. Kun ɗauka ni na rubuta wa Haruna. Ba ni ba ne, ba ni da wannan fuskar. Wani mai kai mazarƙwaila Kaduna ne ya haɗu da shi, hira ta kawo ya ce ɗan Saje Isa ya gama makaranta tuni, yana zaune yana taya ubansa noman rake. Kasuwar Makarfi ta gaba sai ga mutumin ya kawo mini saƙo da baki. Haruna ya ce a turo masa yaron, shi ne shugaban masu gadi a masaƙa, ya ji ana ɗaukar ma'aikata, akwai kuma ɗaki a gidansa, ai ɗansa ne, shi ya riƙe ragon sunansa. Ni kuwa gaisuwa ya aiko mini irin tasa, cikakkiya, ba ragi ba ƙari. A tsakiyar 'yan barkono na tsaya, na rasa inda zan sa kaina don kunya.

To ga abin da nake so da kai. In ka isa ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda kake gaishe ni, ka gaida iyalinsa, ka ba da mazarƙwaila da daddawar da innarka ta ɗaure. Maganar cokali kada ta fito daga bakinka da sigar wasa, ko yau ko gobe. Ka duba ƙasan akwatinka, ƙarƙashin rigarka ta salla, akwai abu naɗe cikin tsohuwar hulata ta soja. Ni na sa shi da safe kana wanka. Na san kana son abin nan, na san ka ɗauka gadonka ne. Ba nawa ba ne, balle ya zama naka.

Kada ka ba shi a gaban mutane, kada kuma ka ba shi ranar da ka sauka yana cikin hidimar baƙo. Ka bari sai kun zauna ku biyu, ya gama abin da yake yi, ya juyo gare ka don kansa. Ka miƙa masa da hannu biyu. Kada ka yi mini ado, kada ka ce ruɗin wasa ne ko sharrin shaiɗan. Magana ce kaɗan, ka faɗe ta yadda na rubuta:

"Baba ya ce in gaya maka, ya gan ka."

In ya karɓa, alhamdu lillahi. In ya ce ka mayar, kada ka yi masa gardama, ka ajiye a gefen tabarmarsa ka tashi. In ya yi shiru ka bar shi, kada ka cika wurin da surutu yadda ka saba. In kuwa ya ce in zo, ka aiko mini ta hannun mai mazarƙwailar nan, motar farko zan hau ko da rake na tsaye a fadama ba a yanka ba.

Kai kuma ban san da wane ido za ka dube ni ba bayan ka karanta wannan. Ina jin tsoron haka, ba zan ɓoye maka ba. Amma gara girmana ya ragu a wurinka da ka shiga gidan mutumin nan da ƙaryata a bakinka. In ya sa ka a ƙungiya ka yi wasa da gaske, ka nemi ci, ko shi ne a gefenka kada ka sassauta masa, ba ya son haka. In ka gan shi a damanka dai, ka ƙara ja da baya taku ɗaya.

Innarka tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci, kada ka yi wasa da salla saboda aikin injin. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaida Baba Haruna da mutanen gidansa duka.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kiyaye hannunka daga injin, Ya kiyaye bakinka daga rantsuwar ƙarya. Allah Ya ba ka abincinka ta halal, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya sa duk ran da ka hau hanyar hagu, wanda ke damanka ya ɗaga ƙwallonsa bai waiwayo ba. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Isa, tsohon saje.